Kwarin da Waya Ba Ta Shiga

Ranar da Manaja ya ɗauko mahaifinsa zuwa kwarin nan, tun daga fitowarsu birni har suka fara gangara bakinsa bai huta ba. Hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan yana nuna duwatsu, sai ka ce shi ya dasa su.

"Baba, sauke gilas ka shaƙi iskar nan. Ba hayaƙin mota, ba ƙarar janareta, ba warin kwata. Ruwan sha daga cikin dutse yake ɓuɓɓugowa. Ɓarawo kuwa ko labarinsa ba su sani ba, ƙofa a buɗe suke kwana. Masu hali har biya suke yi su zo su huta a irin wurin nan."

Baba Mai Injin ya sauke gilas ya shaƙa, sai tari ya turnuƙe shi. Ya lalubo 'yar kwalbar maganin shaƙarsa daga aljihun gaba, ya fesa a baki, ya jira ƙirjin ya saki. Rabin rayuwarsa a ɗakin injin niƙa ya yi ta, yana zuba hatsi ta sama gari na tashi ta ƙasa, har ƙurar ta zauna masa a huhu. Likita ya faɗa a gaban 'ya'yansa cewa ba ciwon da ake ɗauka ba ne. Abin da ya roƙa kawai shi ne kada maganin ya yanke, kuma a kiyaye masa sanyi da hayaƙi.

Yawan zancen nan shi ya fara tsaya wa Baba a rai. Manaja, babban ɗansa, mutum ne mai tsadar baki, a gida sai ya wuni bai ce maka kanzil ba. Tun yana ƙarami, duk ranar da ya cika ka da surutu, to ka leƙa bayan ɗaki, akwai abin da ya fasa. Sannan ga kaya. An ce masa hutun 'yan kwanaki ne, amma da suka tsaya shan mai ya leƙa bayan mota sai ya ga katifarsa, da rediyonsa, da tufafinsa kaf a cikin buhu, har da tsohuwar sifanar da yake kwance haƙoran injin da ita, wadda ta daɗe a ƙarƙashin gado.

"Wanda zai yi 'yan kwanaki me ya haɗa shi da sifana?" ya tambaya.

"Yara ne suka kwaso, ba su sani ba."

"Auta fa? Ta san da tafiyar nan?"

"Tana makaranta wajen aiki. Na ce kada a ɗaga mata hankali, za ta biyo baya ta gan ka."

Baba ya juya yana kallon hanya. Tunda mahaifiyarsu ta rasu, Auta ce ke dafa masa ruwan wanka, ita ke daddana masa baya idan tari ya taso, ita ke raka shi asibiti ta yi ta faɗa da masu layi. A ransa ya riga ya gama lissafi: an jira yarinyar ta fita ne aka sace shi. To, ba komai. Da zarar ta ji inda yake, ya san da ƙafarta za ta zo ta ɗauke shi.

Garin ɗan ƙarami ne, an cusa shi tsakanin duwatsu kamar ɓoye shi aka yi. Hanya ɗaya ce ta shiga, ita ce kuma ta fita. Gidan da aka kama masa ɗaki shi ne na can ƙasa, a bakin rafi, gidan wani mai kiwon ƙudan zuma da kowa ke kira Mai Zuma. Ɗakin na dutse ne, bangonsa na tsattsafo da danshi, tagarsa ɗaya tana kallon jikin dutse. Mai Zuma ya tarbe su da fara'a har kunne, ya kama hannun Baba da hannu biyu, yana ta sannu da zuwa kamar sun shekara da sanin juna.

Sai dai da aka gama shigar da kaya, Manaja ya ja Mai Zuma bayan mota. Baba na zaune a bakin ƙofa yana kallonsu. Ba ya jin abin da ake faɗa, amma ya ga Manaja ya nuna shi da haɓa, ya nuna hanya, sannan ya girgiza kai. Mai Zuma ya gyaɗa nasa kan. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta bakin mutane a cikin ƙarar injin ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Kada a yi wa garin ƙarya, duk abin da Manaja ya lissafa akwai shi. Ruwan na da daɗi, mutanen na da kirki, akuya za ta kwana a waje ka tarar da ita da safe. Abin da bai faɗa ba shi ne rana ba ta leƙo kwarin sai hantsi ya ɗaga, kuma tun kafin la'asar dutsen yamma ya haɗiye ta. Da asuba farin gajimare ke saukowa ya kwanta a kan garin kamar murfin tukunya. Kowane gida ya hura itace, hayaƙin ya tashi ya rasa hanyar fita, sai ya dawo ya gangaro ƙasa, ya taru a bakin rafi, daidai ƙofar Baba. Ga shi Mai Zuma shi ma da hayaƙi yake aikinsa, kullum yana kunna busasshiyar ciyawa yana zagaya amyoyinsa a bayan gida.

Tun safiyar farko Baba ya tashi ƙirjinsa na kuka. Ya ɗauki wayarsa zai kira Auta, ya ga ba sabis. Ya fita tsakar gida, babu. Ya ɗaga ta sama, ya juya gabas ya juya yamma, babu.

Matar Mai Zuma, wata mai sanyin hali da ke kawo masa abinci, ta yi murmushi. "Baba, ai nan waya ba ta shiga. Sai can." Ta nuna masa ƙolin dutsen gabas, inda wani falalen dutse ya fito kamar goshi. "Wanda ke son magana can yake hawa. Wanda ba zai iya ba kuma, sai ya yi saƙon murya ya ba da wayarsa. Duk mai hawa ana tara masa wayoyi a jaka, ya je can saƙonni su tafi, na mutane su shigo, ya sauko ya raba wa kowa tasa."

Haka Baba ya koyi yin magana da waya ba kowa a ciki. Ya danna inda ta nuna masa, ya gyara murya.

"Auta, ni ne Babanki. Yayanki ya kawo ni wani kwari, wai in sha iska. Kada ki yi masa faɗa. Amma wurin nan bai karɓe ni ba, akwai sanyi da hayaƙi. Ki zo ranar da ba makaranta. Ki taho min da maganin shaƙa."

Mai Zuma ne ke hawa ranar, ya karɓi wayar ya jefa a jaka. Da yamma ya sauko ya bi gida-gida yana rabo. Baba na jin wayoyin maƙwabta suna ta magana, wannan ɗanta ya gaishe ta, wancan an yi masa haihuwa. Tasa ta dawo shiru.

"Wataƙila ba ta da caji," in ji Mai Zuma.

Aka sake hawa, wataƙila ba ta da kati. Aka kuma sakewa, ai ka san aikin koyarwa, ba hutu. Kullum da amsarsa a bakinsa tun kafin a tambaye shi, kuma wannan saurin ne Baba bai yarda da shi ba. Ya fara lura da mutumin. Ya lura cewa idan zai karɓi wayar ba ya kallon idonsa. Ya lura cewa duk lokacin da ya fito da sandarsa zai ɗan taka, sai Mai Zuma ya ɓullo daga wani lungu yana tambaya, "Dattijo, sai ina?" Kai, ko bayan gida ya daɗe, sai ya ji an yi gyaran murya a waje.

"Malam," Baba ya ce masa wata safiya, yana numfashi da ƙyar, "ni kam ajiya aka ba ka ko baƙo?"

Mai Zuma ya yi dariya. "Haba, Dattijo. Amana dai."

"Iskar nan taku kashe ni take yi."

"Ai haka take yi da farko. Iska mai kyau sai ta fara kwaso dattin da ke cikin ƙirji. Duk tarin nan da kake ji, birni ne ke fita daga jikinka. Ni da ka gan ni ban taɓa shan ƙwayar asibiti ba. Ga zuma, ka riƙa lasa da safe."

Baba ya lashi zuma har ta gundure shi. Tarin bai san da zancen ba. A da fesa ɗaya ke kai shi yamma, yanzu kafin rana ta leƙo ya fesa ya sake fesawa. Ya daina kwanciya a miƙe, sai dai ya jingina da bango, bangon kuma sanyi kamar randa. Ƙafafunsa suka fara kumbura. Idan ya girgiza kwalbar maganin a kusa da kunne, yana jin abin da ke ciki yana ƙara sauƙi.

Mota ɗaya ce ke shiga garin, ranar kasuwa, ta sauke kaya ta ɗauki fasinja. Baba ya saka rigarsa mai kyau, ya lallaɓa ta bayan gida ya isa tasha. Direban, wani ƙato mai tsinken sakace a baki, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mota ta cika, Baba."

Baba ya leƙa. Kujerar gaba ba kowa, ta baya mata biyu ne da kwandon kaji.

"Wannan fa?"

"An kama."

"Wa ya kama?"

Direba ya cire tsinken ya sassauta murya. "Baba, kada ka sa ni a tsakiya. Ɗanka ya ce hanyar nan ba ta yi maka ba, girgiza za ta iya tayar maka da ciwo. In wani abu ya same ka a motata, ni za a kama. Ka bari ya zo da kansa."

Kafin Baba ya ba shi amsa, sai ga Mai Zuma a bayansa, ko haki ba ya yi. "Dattijo, ashe nan ka yo. Abinci na can yana hucewa."

Daga ranar Baba ya daina yarda da kowa a garin. Mai shago ya gaishe shi, ya ce a ransa wannan ma an saye shi. Yara suka bi shi da kallo, ya ce aiko su aka yi. Abincin ma sai ya jujjuya shi ya sansana kafin ya ci. Abin tausayi, mutumin da a unguwarsu kowa ke zama a bencin injinsa a yi raha, ga shi ya koma mai leƙen mutane ta kafar taga.

Manaja ya zo sau ɗaya, da rana tsaka, lokacin da gajimaren ya watse kuma kwarin ya yi kyau kamar hoton kalanda. Ya zo da lemo, da sabon bargo, da burodi mai yanka-yanka.

"Baba, ka ga yadda ka yi fes? Har ka yi ƙiba."

"Kumburi ne. Ina maganin?"

Manaja ya dafa goshi. "Kash. Na ajiye shi a kan tebur. Amma Baba, wani abokina ya ce yawan shaƙar abin nan shi ke ƙara raunana huhu. Gara jikinka ya koyi yi da kansa."

"Abokin naka likita ne?"

"Ya san abubuwa."

"To, na gode. Ɗauki buhuna, tare za mu koma."

"Yau? Ai ba gida na nufa ba, wani gari zan wuce kan aikin kamfani. Sannan ɗakinka ana gyara, an kwashe silin. Kuma Baba, ka duba yaran nan, jarrabawa suke yi, sai yanzu suka samu suna barci. Ba wai tarinka na damunmu ba ne, a'a, amma ka gane dai."

"Na gane. Auta fa? Me ka gaya mata?"

Manaja ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. "Tana gaishe ka."

"Kalle ni ka faɗa."

"Tana gaishe ka, Baba."

Baba ya shiga ɗaki ya fara tura kayansa cikin buhu, yana yi yana hutawa. Bai kai rabi ba ya ji tashin mota. Kafin ya kai bakin ƙofa ta haye gadar rafi. Lemon na nan a kan tabarma, an jera shi da kyau.

Ranar ya yi kuka, ba ɓoye-ɓoye. Matar Mai Zuma ta same shi a haka, ta ajiye kwano ta tsuguna daga gefe.

"'Yar nan," ya ce mata, "ki ji tsoron Allah ki gaya min gaskiya. Mijinki kashe wayata yake yi idan ya hau, ko goge saƙon yake yi?"

"Wallahi Baba, an dai ce ya sa ido a kanka kada ka yi nisa. Amma waya ba ya taɓa ta."

"To gobe ke za ki hau min da ita. Ke da hannunki."

Ta hau. Ta fake da zuwa itace, ta ɗaure wayar a bakin zane, ta dawo da yamma ƙafafunta duk ƙaya. Ba amsa. Ta zauna kusa da shi ta buɗe wayar, ta nuna masa saƙonninsa a jere, tun daga na farko mai cewa kada a yi wa Yaya faɗa, har zuwa na jiya wanda rabinsa tari ne.

"Ka ga 'yan alamun nan a gefe? Idan suka canza launi haka, saƙo ya isa ke nan, kuma an buɗe shi." Ta yi ƙasa da murya. "Duka an buɗe su, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon alamun. Sannan ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo.

"Shi ke nan. Wayar tata na hannun yayanta. Ya karɓe, ko ya sa matarsa ta riƙe. Shi ke buɗewa yana saurare. Yarinyar nan tana can tana nemana."

Matar Mai Zuma ta miƙa masa wayar.

"A makaranta dole wayar na hannunta," ya ci gaba. "Idan na kira da rana, da muryata, ita za ta ɗauka."

"Baba, kada ka hau dutsen nan. Mu masu lafiya ma sai mun huta a hanya."

"In na zauna a ɗakin nan ma ai hawa zan yi, sai dai ba dutse ba."

Ya jira ranar kasuwa, lokacin da Mai Zuma ke kai galan-galan ɗin zumarsa tasha ya tsaya ciniki. Ya girgiza kwalbar maganin, ya ji ɗan abin da ya rage, ya saka ta a aljihu tare da waya. Ya ɗauki sanda ya bi ta bayan amyoyi.

Hanyar siririya ce, ta akuyoyi, tana nannaɗe jikin dutsen. Tun bai bar jin kukan rafi ba ƙirjinsa ya fara ƙara irin ta injin da bel ɗinsa ya saki. Ya taka, ya tsaya, ya rungumi sanda. Ya taka, ya zauna. Da numfashin ya ƙi shiga gaba ɗaya ya fesa maganin, ya ji ya ɗan buɗe, ya miƙe. Wasu 'yan mata masu saukowa da itace suka ce, "Sannu Baba, ko a taimaka?" Ya ɗaga musu hannu su wuce, don a ganinsa suna isa ƙasa za su kai rahoto. Inda hanyar ta miƙe tsaye ya ajiye girma ya rarrafa, gwiwoyinsa suka sassale. Ya sake fesawa. A karo na gaba da ya danna, iska kawai ta fito.

Sai ga shi ya ɓullo saman gajimaren. Rana ta dake shi a baya, iska busasshiya mai ɗumi ta shiga hancinsa ta wuce har ƙasan ƙirji ba tare da ta nemi izini ba. Rabonsa da numfashi irin wannan tun kafin a kawo shi. Ashe iskar da ake ta yabo gaskiya ce, a nan sama take, shi kuma aka kai shi ƙasa aka ajiye.

A kan falalen mutane ne jefi-jefi, kowa ya ba wa kowa baya, waya a kunne. Baba ya zube a gefe. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, sabis ya shigo. Ya nemo lambar Auta ya danna.

Ta yi ƙara har ya fara cire rai, sannan aka ɗauka.

"Baba?"

Muryarta ce. Hawaye suka zubo masa. "Auta. Auta, ni ne."

"Baba, a ina ka samu sabis?"

"Na hau dutsen. Ki saurare ni da kyau, kafin wani ya zo. Yayanki ya..."

"Wa ya bar ka ka hau? Ai an ce min ba za ka iya hawa ba."

Baba ya cire wayar daga kunne ya dube ta, ya mayar. "An ce miki? Wa ya ce miki?"

"Mai gidan da kake. Ranar da muka je duba wurin."

"Kuka je."

"Ni da Yaya." Ta ja numfashi. "Baba, don Allah kada ka ɗauke shi da zafi. Wata abokiyar aikina ce 'yar can, ita ta ba ni labarin garin. Na ga wuri ne mai natsuwa, ba mai damunka."

"Saƙonnina fa?"

"Na ji su. Na farkon na ji har ƙarshe. Sauran ba na iya ƙarasawa, Baba, tayar min da hankali suke yi, ga abubuwa sun yi min yawa."

"Waɗanne abubuwa?"

Sai maganar ta zubo mata da sauri, kamar wadda aka daɗe da haddacewa. Akwai wanda ke nemanta, mutumin kirki, ɗan babban gida. Mahaifiyarsa ta zo gidan sau ɗaya, ranar Baba na ɗaki, ta ji tarinsa ta bango, ta fara tambaye-tambaye. Ka san mutane, da sun ji tari sai su ce tarin fuka ne, su ce yana bin jini. Ba wanda zai tsaya sauraron abin da likita ya ce. Ita kuma shekaru na tafiya, ƙawayenta duk sun yi.

"Ka ƙara haƙuri kaɗan, Baba. Da an gama biki za a zo a ɗauke ka."

"Wane biki?"

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Auta, aure za ki yi?"

"An sa rana. Yaya ya ce shi zai tsaya a komai, kada a wahalar da kai."

"Su kuma me kuka ce musu game da ni?"

"Mun ce ka gaji da birni, kai ka zaɓi ka koma wurin da ba hayaniya."

Baba ya kalli gwiwoyinsa da ke tsattsafar da jini. Ya nemi fushi a cikinsa bai samu ba. Duk fushin ya riga ya rabar da shi, ya ba Mai Zuma nasa, ya ba direba, ya ba mai shago da yaran unguwa, bai rage ko kaɗan ba don wannan ranar.

"Maganina ya ƙare," ya ce.

"Innalillahi. Ban ba Yaya ba? Zan aiko, wallahi zan aiko. Baba, mai ɗinki ce ke kirana a ɗaya layin. Ka sauka a hankali, ka ji? Kada ka sake hawa."

"Allah ya sanya alheri," in ji shi. Bai san ko ta ji ba.

Maza biyu daga cikin masu waya ne suka sauko da shi, suna karɓa-karɓa a baya, suka mayar da shi cikin hayaƙin yamma. Mai Zuma ya yi ta faɗa, yana cewa za a ja masa magana. Matarsa ta dafa ruwa ta wanke masa gwiwoyi. Daga ranar Baba bai ƙara leƙen kowa ta taga ba, bai ƙara sansana abinci ba, bai kuma ƙara tambayar ranar kasuwa ba. Maganin bai zo a motar farko ba, bai zo a ta biyu ba. A cikin hidimar biki abu kaɗan ne mutum ya manta.

Abin da ke ƙona rai a wannan lamari shi ne ba wanda za ka kama. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu, ba a bar shi da yunwa ba ko sau ɗaya. Manaja na da yara masu jarrabawa. Auta na da shekaru masu tafiya. Mai Zuma amana aka ba shi, direba kuma gudun magana yake yi. Kowa da dalilinsa mai kyau a hannu, wanda zai iya faɗa a gaban jama'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da waɗannan kyawawan dalilan aka taru aka toshe wa tsoho numfashi, mutumin da ya shaƙi ƙura rabin rayuwarsa don su su yi karatu su zama abin da suka zama.

Baba ya cika wata safiya, a zaune, jingine da bango, kafin rana ta leƙo kwarin. Matar Mai Zuma ce ta same shi da ta kawo shayi. Mai Zuma ya hau dutse ya kira Manaja, ya same shi a tsakiyar 'yan biki. Manaja ya fita waje ya saurara, ya ce hanya da nisa, kada a jira su, a yi masa sutura. Sannan ya koma ciki, bai gaya wa kowa ba sai da aka kai amarya ɗakinta. Mutanen kwarin, waɗanda Baba ya mutu yana ganin 'yan leƙen asiri ne, su suka wanke shi suka kai shi.

A birni aka yi zaman makoki, aka kafa rumfa a ƙofar gida, a daidai inda aka kwashe ta biki. Surukan Auta suka zo cikin manyan motoci. Ana ta ba da labarin yadda 'ya'yan suka nema wa mahaifinsu wurin hutu a cikin duwatsu, mai ruwa mai daɗi da iska mai kyau, suka kama masa ɗaki, suka sa masu kula da shi. Wani tsoho da suka yi zamani tare a bakin injin ya share ido da hannun riga, ya kama hannun Manaja.

"Kun yi abin da ya dace, ɗana. A zamanin nan wa ke yi wa uba haka? Allah ya ba mu 'ya'ya irinku."

"Amin, Baba," in ji Manaja.